Daga Zauren Malam Zuwa Asibitin Ƙofar Mata: Tarihin Sanin Haihuwa a Birnin Kano

Da farko ina miƙa godiya ga kwamitin wannan mujalla tamu da ya ba ni fili, sa'an nan ina neman gafarar malamanmu, domin maganar da na ɗauko ba irin wadda yaro ke buɗe baki ya yi a gaban manya ba ce. Amma dai Hausawa sun ce ran wanka ba a ɓoyon cibi.

'Yan ajinmu za su tuna ranar da aka zo babin haihuwa a darasin Bayoloji, muna aji shida. Malam ya zana hoto a allo, aji ya yi tsit, can baya wani ya fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka. Malam ya ajiye alli, ya ce mu je mu karanta a littafi, zai fito a jarrabawa. Muka haddace sunaye, muka rubuta, muka ci, muka manta. Ban ga laifin Malam ba, mu muka hana shi. To, a taronmu na bara, da aka zo addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, biyu daga cikin sunayen da aka karanta na matan abokanmu ne, kuma dukkansu wajen haihuwa suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda mutanen birnin nan suka fahimci jikin ɗan Adam da hanyar samuwar ɗa, daga zamanin kakanni zuwa yau. Aikina na ofis ne, da fayil nake wuni, saboda haka ta ƙofar tarihi na shiga. Abin da na gano shi ne, Kano ba ta taɓa rasa masu sanin wannan al'amari ba. Sai dai sanin ya rabu gida uku: na malam a zaure, na ungozoma da wanzami a cikin gida, da na likita a asibiti. Kunya ta hana gidajen nan uku zama a tabarma ɗaya, kuma mata ne suka ɗanɗana kuɗar wannan rabuwa.

Zauren Malam

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso birnin nan zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, kuma unguwar Madabo ta daɗe da yin suna wajen karatun fiƙihu. Duk wanda ya zauna a zaure ya san jerin littattafan: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har a kai ga Muhtasar. Abin lura a nan shi ne, tun a Ahalari, ɗan ƙaramin littafin da ake fara wa yaro da shi, akwai babin haila da na jinin biƙi. Watau maganar da ta gagare mu a aji shida, almajiri ɗan shekara goma sha biyu yana biya ta a gaban malaminsa ba dariya.

A mazhabar Malikiyya iyakar kwanakin haila 15 ne, mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu shi ma kwana 15, iyakar jinin biƙi kuwa kwana 60. An tsayar da cewa mafi ƙarancin cikin da za a jingina wa miji wata 6 ne. An kuma lissafa alamomin balaga, kamar mafarki da haila da tsirowar gashi. Wannan sani ne da aka gina a kan lura da lissafi, kuma ba ƙarami ba ne.

Amma manufarsa ibada ce da shari'a: yaushe za a yi salla, yaushe za a rama azumi, yaushe idda za ta cika, wane ne uban ɗa. Ba a rubuta shi don a bayyana abin da ke kawo jinin ba. Ga misali guda. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa mai ciki tana iya ganin jini a lissafa mata shi a matsayin haila. Wannan hukuncin salla ke nan. A wajen likita kuwa, jini ga mai ciki alamar haɗari ce, domin yana iya zama ɓari ne ke tafe, ko mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa, ko ta saɓule kafin lokaci. Mace tana iya sanin hukuncinta daidai, ta ajiye salla ta zauna a ɗaki, alhali asibiti ya kamata a nufa da ita a wannan daren.

Ɗakin Ungozoma

Gida na biyu shi ne na masu aiki da hannu. Ungozoma galibi tsohuwa ce da ta daina haihuwa, kuma sau da yawa gado ta yi. A gidaje da dama ba a kiranta sai ɗa ya faɗo, sai ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta kama hidimar mai jego. Ita mai naƙuda ana son ta durƙusa ta daure, kada a ji muryarta, musamman a haihuwar fari, shi ya sa har yau ake cewa wance tana kan gwiwa. Littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ya adana bayanin irin waɗannan al'adu kamar yadda wata tsohuwar Bahaushiya ta gan su da idonta.

Idan an sauka lafiya sai wankan jego na kwana 40 da tafasasshen ruwa da ganyen runhu ko na darbejiya, ga kunun kanwa, ga ƙauri da miji zai saya. Shi kuwa wanzami nasa ne cire beli, da askin suna, da kaciyar yara maza lokacin ɗari, kuma sana'ar tana da shugabanta, watau Sarkin Aska. Saiwoyi da sassaƙe kuma sai a nufi Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Su ma suna da nasu bayanin yadda jiki ke aiki. Sun ce sanyi yana shiga jikin mace bayan haihuwa, don haka sai a kore shi da zafi. Sun ce zaƙi yana taruwa ya wahalar da naƙuda, don haka sai a sha ɗaci. Sun kuma ce akwai wani abu da ake kira gishiri, wanda ke tare hanya, don haka sai a sa aska ko reza a yanka.

Adalci shi ne a faɗi alherin wannan tsari. Goyon ciki yana mayar da yarinya gaban uwarta a lokacin da ta fi bukatarta. Kwanakin jego suna ba mace hutu da nama da kulawa, abin da matan ƙasashe da yawa ba su samu. Shayarwa ta shekara biyu tana ba da tazara. Inda tsarin ya gaza guri ɗaya ne, amma babba: babu wanda ya taɓa ganin abin da ke ciki. Idan kan ɗa ya fi ƙarfin ƙashin ƙugun uwa, babu saiwar da za ta buɗa ƙashi.

Abin da Ke Ɓoye a Ciki

Kada mai karatu ya ɗauka kakanninmu kaɗai ne suka yi lalube. Duniya duka ta daɗe tana yi. Likitan nan na Andalus, Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin cikin da ke zama a wajen mahaifa, ya kuma zana kayan aiki don koyar da ungozomomi. A 1561 Fallopio na Italiya ya bayyana bututun nan biyu da ke kai ƙwai zuwa mahaifa. A 1677 Leeuwenhoek na Holan ya hangi ƙwayoyin maniyyi suna iyo ta cikin madubin da ya haɗa da hannunsa. Shi kuwa ƙwan mace sai a 1827 von Baer ya gan shi, a jikin karya. Kalmar homon ma, likitan Ingila Ernest Starling ne ya fara amfani da ita a 1905, watau shekara biyu bayan sojojin Turawa sun shigo Kano a 1903. An ware istirojin a 1929, furojestaron a 1934, testostaron a 1935, duk a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Ashe ke nan ilmin da muka yi wa dariya bai girmi kakannin wasunmu ba.

To, mene ne homon? Kafin zuwan Turawa hakimai a cikin birni suke zaune, jakadu suke aikawa ƙasashensu da umarni, jakadun kuma su komo da rahoto. Haka jiki yake. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke aika jakadu ta cikin jini. Waɗannan jakadu su ne homon, sinadarai ne da wata gaɓa ke fitarwa don ta ba wata gaɓa umarni.

A jikin mace akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, dama da hagu, kowace kamar ɗan dabino. Da ƙwayayenta ake haihuwar 'ya mace, tsakanin miliyan 1 zuwa 2, amma waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Duk wata jakada ɗaya yakan zo ya ce a nunar da ƙwai, ma'ajiyar ta fitar da istirojin, shi kuma ya sa mahaifa ta yi sabuwar shimfiɗa. Sai jakada na biyu ya zo ya ce a saki ƙwan, kimanin kwana 14 kafin haila ta gaba. Daga nan furojestaron ya karɓi aiki, ya tsare shimfiɗar. Ƙwan ba ya wuce kwana ɗaya da rai, maniyyi kuwa yana iya kaiwa kwana 5 yana jira. Idan sun haɗu a cikin bututu, ciki ya shiga. Idan ba su haɗu ba, sai furojestaron ya janye, shimfiɗar ta zube. Wannan zubewar ita ce haila da Ahalari ya ƙirga wa kwanaki.

Ita mahaifa ba ta fi dunƙulen hannu ba, amma kafin ciki ya isa haihuwa nauyinta kaɗai yakan kai kilo ɗaya, kuma bakinta sai ya buɗe santimita 10 kafin kan ɗa ya wuce.

A jikin namiji jakadun nan biyu dai su ne ke zuwa wajen 'ya'yan maraina, ɗaya ya sa a ƙera ƙwayoyin maniyyi, ɗaya ya sa a fitar da testostaron, wanda ke buɗe murya ya fito da gemu. Ƙera ƙwayar maniyyi yana cin fiye da wata biyu, kuma yana son wuri mai ɗan sanyi fiye da cikin jiki, shi ya sa marainan suke a waje.

Tsofaffin Tambayoyi

Da wannan fitila bari mu koma cikin birni mu duba wasu maganganu da muka taso muna ji.

Na farko, kwantaccen ciki. Malaman Malikiyya sun ba da iyakar daɗewar ciki shekara 4, wasu suka ce 5, kuma wannan hukunci ya rufa wa mata da yawa asiri, ya kare nasabar 'ya'ya. Maganar hukunci ta malamai ce. Ta fuskar lafiya kuwa, ciki kimanin mako 40 yake yi, kwana 280 daga hailar ƙarshe, kuma idan ya haura mako 42 mabiyiya takan fara gazawa. Abin da ake kira kwantacce sau da yawa ɗaukewar haila ce saboda rikicewar homon, ko ɗan tayi ne ya mutu bai fito ba, ko ƙari ne a mahaifa. Gwajin fitsari, wanda asalinsa binciken Aschheim da Zondek ne a Jamus a ƙarshen shekarun 1920, tare da hoton ciki, sukan raba gardama a wuni ɗaya.

Na biyu, kwanika. Tsofaffi sun lura cewa mai shayarwa takan daɗe ba ta ga haila ba, kuma sun yi gaskiya. Tsotson jariri yana ɗaga homon ɗin da ke kawo nono, yana kuma danne jakadun da ke sa a saki ƙwai. Sai dai wannan kariya ba a dogara da ita sai a wata 6 na farko, idan nono zalla ake bayarwa kuma haila ba ta dawo ba.

Na uku, dakashi, watau nonon farko mai kauri da a dā ake matsewa a zubar. Shi ne rigakafin farko na jariri. Bugu da ƙari, sa jariri a nono da wuri yana sa jikin uwa ya saki oksitosin, homon ɗin da ke tsuke mahaifa ya rage zubar jini.

Na huɗu, tsargiya. Yaran da ke wanka a kududdufi sukan ga jini a fitsari, wasu har su ce alamar zama namiji ce. Tsutsa ce, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana kuma iya lahanta hanyoyin haihuwa na mace da namiji. Maganinta yana nan.

Na biyar shi ne wanda ya fi shafarmu mu maza. Mace nawa aka kira juya, aka yi mata kishiya ko aka sake ta, ba tare da an gwada mijin ba? Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun namiji a matsalar, ta dalilin ciwon sanyin da ba a magance ba, ko hangum da ya kama mutum bayan balaga, ko wani abu daban. Haka kuma mace nawa aka tsangwama don tana haihuwar 'ya'ya mata? Tun 1905 binciken Nettie Stevens a Amurka ya buɗe hanyar gane cewa ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, ƙwayar maniyyin uba ce ke zuwa da alamar namiji ko ta mace. Kyauta ta Allah ce, amma in da za a tuhumi wani, to, ba uwar ba ce.

Asibitin Birni

Gida na uku ya shigo cikin ganuwa ne a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da En'e ta Kano ta buɗe Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata, wanda aka sa wa sunan Janar Murtala Muhammed bayan rasuwarsa a 1976. Ba a yi rububin zuwa ba. Likitocin maza ne kuma baƙi, matan birni suna cikin kulle, ga shi kuma ba a kai mutum sai abu ya ƙazanta, don haka sai aka riƙa kallon asibiti a matsayin inda ake zuwa mutuwa. A hankali aka samu 'ya'yan gari suka zama nas-nas da ungozomomin asibiti, aka buɗe asibitocin haihuwa irin na Marmara da na Sabo Bakin Zuwo da na Nuhu Bamalli. A 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a 2001 kuma gwamnatin jiha ta shigo da shirin haihuwa kyauta.

Amma hujjar da ta fi kowace ƙarfi daga maƙwabtanmu Zazzagawa ta fito. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, suka buga sakamakon a 1985. Mata 238 suka rasu, kuma mafi yawansu da nisa waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Harrison ya ƙarasa da cewa babban maganin wannan bala'i shi ne ilmi, musamman na 'ya'ya mata.

Doguwar Naƙuda

Akwai wani abu game da jikin yarinya da ya kamata kowane uba ya sani. Homon yakan kawo haila tun kafin ƙashin ƙugu ya gama faɗi, domin ƙashin yana ci gaba da girma shekaru bayan hailar farko, kuma rashin abinci mai gina jiki yana ƙara tauye shi. Watau ganin haila yana nuna ciki zai iya shiga, amma ba ya nuna hanyar fita ta isa.

Idan kan ɗa ya maƙale kwana biyu ko uku, yakan danne mafitsara da bangon farji a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ya ɓare ya bar ƙofa, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan. Galibi ɗan ya riga ya mutu, sau da yawa kuma aure ya bi shi. Binciken Dakta Tahzib da aka buga a 1983, a kan mata 1,443 da aka gani a Zariya, ya nuna cewa 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, 13 cikin 100 kuma yankan gishiri. Dubi ikon Allah, askar da aka sa don a buɗe hanya ita ce ta huda mafitsara.

A nan ma an yi hoɓɓasa. Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a 1983, ya koma gyaran masu yoyon fitsari, ya yi wa mata dubbai aiki, ya kuma horar da likitoci da nas-nas da yawa, har da a Cibiyar Laure ta Asibitin Murtala. A 1990 aka kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da wannan larura a ƙarƙashin Hajiya Amina Sambo, a unguwar Kwalli kuma aka tanadi masauki don marasa lafiyar. A 2005 an yi gangamin mako biyu a Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi, inda aka yi wa mata sama da 500 aiki. Gyara yana yiwuwa, amma tiyatar fito da ɗa a kan lokaci ita ce ke hana abin faruwa tun farko.

Gudummawar Kano

Kada a ce kullum mu ake kawo wa. Jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune, aka daɗe ana jingina ta ga iska, alhali hawan jini ne da ciki ke tayarwa, kuma awo yana gano shi tun kafin ya kai ga faɗuwa. A 2008 aka shigo da allurar maganeziyam salfet a manyan asibitoci 10 na Jihar Kano, sai mace-macen masu wannan ciwo ya sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa kusan 2 cikin 100.

Ciwon zuciyar masu jego kuwa, likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da wankan jego da kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano ya karkato da hankali wajen rama da talauci da hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin saleniyam a jiki. Darasin shi ne, shi ma ilmin asibiti yana gyara kansa, kuma ba kowane laifi ne na al'ada ba.

Sai zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya. A 2023 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Dabarar ba ta da wuya: a shimfiɗa wata leda mai ma'auni don a ga yawan jinin da ya zuba maimakon a yi kintace, sa'an nan a haɗa magunguna gaba ɗaya nan take. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Kammalawa

Duk da haka da sauran tafiya. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a Arewa maso Yamma waɗanda suka haihu a asibiti ba su kai mace ɗaya cikin biyar ba.

'Yan uwana, a gidajenmu har yanzu miji ne ke ba da izini, shi ke biyan kuɗin mota. Saboda haka babin da muka tsallake a aji ya dawo ya same mu a tsakar gida. Ga abin da nake roƙo. Kowannenmu ya tabbatar iyalinsa tana zuwa awo, ya kuma bar izinin zuwa asibiti a buɗe ko ba ya gari. A san alamomin haɗari: jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, jijjiga, zazzaɓi, da naƙudar da ta wuce awa 12. Kada a yarda a yi wa mace allurar naƙuda a gida, domin oksitosin ɗin da ke ceton rai a asibiti yana iya fasa mahaifa a hannun wanda bai sani ba. Idan haihuwa ta yi jinkiri, miji ya fara miƙa kansa a gwada. A bar 'ya'ya mata su yi karatu, ƙashinsu ya ƙosa.

Ina kuma ba ƙungiya shawara, a taro mai zuwa a gayyato likitan mata daga cikinmu, da malamin fiƙihu, da ungozoma, a zaunar da su a gaban 'yan aji shida na makarantarmu, a ƙarasa darasin da muka katse wa Malam. Mu ma sai mu zauna a baya mu saurara, wannan karon ba dariya.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, Ya saka wa malamanmu da alheri. Wassalam.